Kalilu da Fijon Marigayi Maliki

Yau wata goma ke nan babu Maliki bakanike a bakin tashar Daura. Babu ƙarar sifanarsa, babu tarinsa na safe, babu kunnen nan nasa da ke jin ciwon mota tun tana shigowa gari. Yayana ne, ciki ɗaya, da hannuna na sa shi a kabari. Abu na biyu da aka rasa a bakin tashar a wannan shekara shi ne gemun Kalilu, sai dai shi babu wanda ya je gaisuwa.

Maliki ya rasu ya bar rumfar kwano a gindin darbejiya, daidai inda duk motar da za ta Katsina sai ta rage gudu. A wajen mai gyara, wannan rumfa ta fi gonar fadama. Ya kuma bar tsohuwar farar Fijo, wadda ya riƙe shekara goma sha takwas kamar ɗiyar fari. Tun da aka yi arba'in ɗinsa motar ta kama ɗingishi. In an tayar da ita sai ta yi bugu uku lafiya, na huɗu ta yi tuntuɓe, jikinta duka yana rawa kamar mai masassara.

Shi kuwa Kalilu bai daɗe da dawowa daga Kano ba. Shekara uku ya yi can, ya dawo da shuɗiyar rigar aiki mai rubutun Turanci a baya, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, da gemun da ya fara tarawa tun ranar da ya ji an ƙaddamar da shari'a, don ya lura masu gemu ake matsa wa a benci. Ya ce a Ƙofar Ruwa Injiniya ake kiransa. Direbobin da ke zuwa Kano sun ce su dai sun sha ganinsa a can tsugune, yana wanke noti da fetur a gwangwani, a garejin wani mai gyaran Datsun.

Tun kafin Shatu, matar marigayi, ta fita takaba, Kalilu ya gama tsara rayuwarsa a kan rumfar nan. Zai karɓe ta, ya yi mata siminti. Motoci za su riƙa yin layi tun daga Matamaye da Damagaram. Shekara biyu ya ɗora bene a kai, ya zauna a sama yana shan iska, sai mota ta gagari kowa ya leƙo ta taga ya faɗi ciwonta.

Mutum uku suka nemi rumfar, Kalilu da wasu masu gyara biyu. Ɗantsoho, shugaban masu gyara na bakin tasha, mai faci ne, bai san komai ba a mota in ba taya ba, tsufa ne ya ba shi kujerar. Ya je ya shawarci Shatu, ya dawo ya tara su.

"Iyalin marigayi ta ce ba ta san ɗayanku ba, amma ta san motar mijinta. Ga ta nan tana ɗingishi. A gwada ku a kanta, a ga wanda ya cancanci zama inda ya zauna."

Sauran biyun suka ce a ba su kwana biyu su saurari injin tukuna. Kalilu ya yi dariya har da dukan cinya.

"Saurara? Rediyo ce? Baba ciyaman, gobe da hantsi a turo mini ita. Kafin azahar za ka ji tana kiran sunana."

Da gangan ya zaɓi goben, don ranar kasuwa ce. Gari na wayewa ya shimfiɗa buhu a gaban rumfar, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarama. Aka kawo Fijo. Direbobi suka taru, 'yan acaɓa suka kashe baburansu, fatake masu jiran mota suka matso da ragunansu. Kulu mai fura, wadda ta shekara ashirin tana zama a rana a gefen rumfar, ta gyara zaman ƙwaryarta yadda za ta ga komai.

"Injiniya, a dama maka ta nawa kafin ka fara?"

"Inna Kulu, likita ba ya cin abinci a ɗakin tiyata."

"To Allah ya sa mara lafiyar ta fito da ƙafarta."

Aka tayar da mota, aka ɗaga bonet. Injin Fijo tukunya huɗu gare shi, kowace da fuloginta, kowane fulogi da wayar da ke kai masa wuta. Yadda Maliki ke gano wadda ta mutu ba wani asiri ba ne. Injin na aiki, sai ya sa filaya mai hannun roba ya zare waya ɗaya. In muryar injin ta faɗi, tukunyar nan na da rai, ya mayar. Wadda ya zare bai ji canji ba, ita ce matacciyar. Kalilu ya taɓa ganin ana haka a Kano, sai dai daga nesa, ta bayan gwangwani. Bai lura da filayar ba.

Ya naɗe hannun riga, ya taka inda Ɗantsoho ya zubar da ruwan gwajin tayu, ya damƙi waya da tafin hannu.

Ƙarar da ya yi ta sa wani rago ya tsinke igiya. Ya yi tsalle baya, ƙeyarsa ta daki bonet, hularsa ta faɗa kan fanka, fanka ta yi cilli da ita can gindin darbejiya.

"Lafiya, Injiniya?" in ji wani direba. "Ta gaishe ka ne?"

"Gwaji ne," in ji Kalilu, yana yarfe hannu. "A Kano da jiki muke auna wuta. Wannan tana da ɗari biyu da arba'in."

"Ai saura uku," Kulu ta ce. "Auna mana su, mu ji."

Bai auna ba. Ya ce ya riga ya gane wuta lafiya lau take, ciwon na wajen mai ne. Ya sa aka kashe mota, ya zare tiyon fetur, ya kafa baki ya zuƙa don ya nuna toshewa. Tiyon ba a toshe yake ba. Kalilu ya haɗiye abin da ya kai rabin kofin shayi, idanunsa suka firfito, ya durƙusa yana kakari, jama'a na ja da baya, masu taba na ɓoye ashana.

"Kada wanda ya matsa kusa da shi da wuta," in ji wani ɗan acaɓa. "Yanzu shi ma galan ne."

Da ya farfaɗo sai ya afka wa kafireto, tukunyar da ke gauraya mai da iska. Ya kwance ta a kan buhu, ya hura nan, ya hura can. Wani ɗan ƙaramin noti na tagulla, bai kai ƙwayar gero uku ba, ya yi tsalle ya shige rairayi. Kalilu ya gan shi sarai lokacin da ya tafi. Ya ɗora ƙafa a wajen, ya ɗaga kai ya ci gaba da bayani, ya mayar da sauran yadda ya iya.

Rana ta take. Gumi ya jiƙa rubutun Turancin da ke bayansa. Jama'a sun fara gundura, biyun nan da suka ce za su saurari inji suna tsaye a gefe suna murmushi. Kalilu ya san in bai samo abin nunawa ba yanzu, rumfa ta tafi. Yana cikin raba ido sai ya lura da wani abu da ya gani tun farko bai kula ba. Kowace wayar fulogi an ɗaura mata siririyar jar fata, an ƙulla. Wata ƙulli ɗaya, wata biyu, wata uku, wata huɗu. Zuciyarsa ta yi fari tas.

Ya miƙe, ya shafa gemu, ya sauya murya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ku matso ku gani. Ina ta wahala da ƙarfe, ashe ciwon ba na ƙarfe ba ne."

Aka yi caa a kan injin.

"Ƙulle-ƙulle! A cikin mota! A garin da ake shari'a! To yaya za a yi mota ta yi tafiya daidai an ɗaure ta da tsibbu?"

Maliki mutum ne da in liman bai zo ba shi ake turawa gaba a masallacin tasha. Ɗantsoho ya gyara tsayuwa.

"Kai Kalilu, ka iya bakinka. Mutumin nan yana kabari."

"Baba ciyaman, gaskiya ba ta jin kunyar kabari. Ni ban ce shi ya yi ba, ban ce ba shi ya yi ba. Amma ga ido, ga abu."

"Ni dai shekarata ashirin a nan," Kulu ta ce, "ban taɓa ganin boka a rumfar nan ba sai yau."

Kalilu bai saurare ta ba. Ya zaro reza, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bayan taro zai ji, ya yanke fatun ɗaya bayan ɗaya, ya jefa su a murhun mai tsire. Ya fizge wayoyin huɗu gaba ɗaya, ya karkaɗe su kamar mai korar aljani. Bai tsaya nan ba. A gindin distibita, wato abin da ke raba wa fulogai wuta bi da bi, ya ga wani ɗan layin farin fenti da ya taso daga jikinta ya hau jikin injin.

"Ga hatimin ma!"

Ya kankare shi tas da sukundireba, ya sassauta noti, ya murɗa distibitar hagu, ya murɗa dama, wai yana warware abin da aka ɗaure.

Layin nan kuwa shi ne taimin motar. Distibita in ta goce ko da faɗin farce ne, wuta za ta riƙa zuwa kafin lokacinta ko bayan lokacinta. Maliki ya saita ta da kunne, ya ja fenti don kada wani ya ɓata. Aikin shekara goma sha takwas, Kalilu ya share shi kafin a ce kwabo.

"Yanzu ku ga ilimi," in ji shi. Ya ɗaga yatsa. "Ɗaya, uku, huɗu, biyu. Haka wuta ke zagaya inji a duk duniya. Ɗaya, uku, huɗu, biyu. Wanda bai san wannan ba ya koma faci."

Ɗantsoho ya ji, ya haɗiye.

Karatun dai daidai ne, a Kano ya haddace shi. Sai dai Datsun da ya saba gani daga gaba ake fara ƙirga tukwanenta, daga wajen fanka. Fijo kuwa daga baya ake farawa, daga wajen direba. Kalilu ya fara daga gaba, ya cusa wayoyi yana rera karatunsa, ya tafa hannu.

"A tayar."

Aka murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Aka sake. Aka sake har batir ya fara nishi, ya yi shiru.

"Abin da aka ɗaure shekara da shekaru ba ya sakin jiki nan take," in ji Kalilu. "A tura."

Ya shige ya kama sitiyari, ya fito da gwiwar hannu ta taga kamar direban gwamna. Majiya ƙarfi goma sha biyu suka dafa Fijo a cikin zafin rana, suka yi hanyar Katsina da ita da gudu. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci.

Daram!

Wasu sun ce har unguwannin cikin gari an ji. Masu turi suka zube a kwalta. Raguna suka watse, fatake suka bi su suna kururuwa, wani jaki da ke ɗauke da tukwanen ƙasa ya yi tutsu ya sauke kayansa gaba ɗaya. Mai tukwanen ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Kalilu ya leƙo ta taga, fuskarsa fal murna.

"Kun ji? Ya fita! Abin ya fita! Ku ƙara turi ɗaya!"

"Uwarka ce za ta ƙara," in ji wani daga cikin masu turin, yana duba gwiwarsa.

Amma mutane akwai son ganin ƙarshen abu. Aka juyo da motar, aka sake turowa wajen rumfa. Wannan karon bugu biyu ta yi a jere, salansa, wato bututun hayaƙi, ta tsage ta faɗo tana jan ƙasa, baƙin hayaƙi ya rufe mai tsire da tsirensa.

"Injiniya," Kulu ta ce, tana rufe furarta da faifai, "wannan na biyun matarsa ce ta fita ko ɗansa?"

"Inna Kulu, ki bar maganar abin da ba ki sani ba. Ƙishirwa take ji, shi ke nan."

Ya sa aka aro batir daga wata bas. Ya cire murfin da ke kan kafireto, ya karɓi kwalbar fetur a wajen 'yan bumburutu, ya tuttula rabi a bakinta. Ɗayan masu neman rumfar ya kasa daurewa.

"Malam Kalilu, janye fuskarka daga nan."

"Kai da ka ce kunne za ka sa? Ni ido nake sawa." Ya ƙara sunkuyawa har gemunsa na shafar ƙarfe. "Baba ciyaman, murɗa!"

Ɗantsoho ya murɗa.

Wutar da ya kamata ta tashi a cikin tukunya a rufe, ta samu ƙofa a buɗe, ta biyo ta bakin kafireto ta yi sama kamar an hura maƙera. Ta ɗauki gemun shekara biyu a lashi ɗaya, ta haɗa da gira. Kalilu ya yi baya yana marin fuskarsa da hannu biyu, yana kiran sunan uwarsa. Fetur ɗin da ya zuba ya kama, wayoyi suka fara narkewa. Maza suka yi ta kansu. Wani na cewa a kawo ƙasa, wani na cewa a kira 'yan kwana-kwana, kowa na faɗa yana ƙara nisa.

Kulu ce ta miƙe. Ta cire mayafin da take naɗe gammo da shi, ta tsoma a ruwan tayun Ɗantsoho, ta danna a bakin kafireto. Ta koma ta ɗauko ƙwaryar nononta, cinikin yini guda, ta juye a kan wayoyin. Wuta ta yi cuu ta mutu. Ɗan abin da ya rage a gindin ƙwaryar ta watsa wa Kalilu a fuska.

Ana cikin haka sai ga Shatu. Tana gida ta ji ƙarar farko, ta ce wannan muryar motar mai gidanta ce, ta zura hijabi ta fito. Aka buɗa mata hanya. Ta tsaya a gaban injin, ta dubi nono na ɗiga daga wayoyi.

"Baba Ɗantsoho, ina fatun da ke jikin wayoyin nan?"

Ɗantsoho ya dubi ƙasa. Kulu ce ta amsa.

"Injiniya ya ƙona su. Ya ce tsibbu ne."

"Tsibbu." Shatu ta juyo ta dubi Kalilu, wanda ke tsaye ba gemu, ba gira, nono na bin wuyansa. "Kai ne ka ce Malam na tsibbu?"

"Ai Hajiya, ni cewa na yi..."

"Ban je Makka ba, kada ka ƙara mini. Da hannuna na ƙulla fatun nan, a tsakar gidana, da ragowar fatar da ubana ke ɗinkin sirdi. Malam bai yi boko ba, ba ya rubuta lamba. Ya ce in yi masa alama yadda ko a duhu ya shafa zai san wace waya ce ta wace tukunya. Ƙulli ɗaya na can baya wajen direba, huɗu na nan gaba wajen fanka. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba na san wannan."

Wani direba ya leƙa injin, ya bi wayoyin da yatsa, ya fashe da dariya.

"Wallahi daga gaba ya faro! Ya sa wa motar wando a ka!"

Dariya ta ɓarke har da masu ciwon gwiwa. Kalilu ya buɗe baki.

"A Kano dai..."

"A Kano ma matattu suna da haƙƙi," in ji Shatu. "Ka ƙona mota, wannan ƙarfe ne. Amma ka tsaya a gaban kasuwa ka ci naman mutumin da ba zai iya tashi ya ba ka amsa ba, don kana son inuwar kwano. Za ka maimaita a gaban Wanda ya san abin da ke cikin ƙullin."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ɗantsoho ya share murya.

"To, Shatu, maganar rumfa. Ga waɗannan biyun ba su gwada ba tukuna."

"Suna tsaye aka kira Malam boka?"

Biyun suka sunkuyar da kai.

"Suna tsaye wuta ta kama?"

"Suna tsaye," in ji Ɗantsoho.

"To ni a duk taron nan, in ban da kai Baba, mutum ɗaya na ji an ce ta tare wa Malam, ita ce kuma ta tare wa motarsa. Inna Kulu, shekara nawa kina shan rana a gefen rumfar nan? Gobe ki shigar da ƙwaryarki ciki."

"Mai fura?" Kalilu ya yi ƙara. "A rumfar injiniya? Baba ciyaman, wannan ai cin mutuncin sana'a ne!"

"Sana'ar da ka ce in koma?" in ji Ɗantsoho. "Na koma. Kai kuma ga naka aikin. Yadda aka turo maka motar nan da ƙafarta, haka za ka mayar da ita ƙofar gidan marigayi. Kai kaɗai. Ni zan riƙe sitiyari."

Haka aka yi. Kalilu ya dafa bayan Fijo, salansa na jan ƙasa tana ƙara, 'yan acaɓa na biye a hankali suna masa hon, mai tukwane na gefe yana faɗa masa abin da ba ya rubutuwa. Duk wanda suka wuce sai ya tambaya wane ne wannan, don ba a gane shi ba gemu. Da suka iso kan tudun da ke kusa da gidan, Ɗantsoho ya ɗan taka burki, wai yana gwada ko yana aiki.

Bayan sati ɗaya wani dattijon bakanike daga Sandamu, abokin Maliki, ya zo ya sa sababbin wayoyi, ya gyara abin da aka ɓata, ya sa kunne ya mayar da taimin. Da ya zo kan ɗingishin asali, fulogi ɗaya ya samu ya tsage. Ya canza shi kafin Kulu ta gama dama masa fura. Kalilu kuwa har yau yana teburin mai shayi yana faɗa wa baƙi cewa shi ya fara gano matsalar wajen wayoyi take.

Allah ya jiƙan Maliki, ya haskaka kabarinsa, ya wanke shi a can kamar yadda matarsa ta wanke shi a nan. Mu kuma da muka rage, Allah ya tsare motocinmu daga hannun wanda ya haddace rabi, ya tsare sunayenmu daga bakinsa ranar da ba ma nan. Duk wanda ya karanta, don Allah ya ce amin.